Wasiƙa daga Saskatoon a kan farautar farar dinya

Zuwa ga aminina Malam Habu,

Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya tare da iyali da dukan mutanen Nguru. Ka tambaye ni ko a nan ƙasar Kanada ma ana farautar tsuntsayen ruwa kamar yadda ake yi a fadamunmu, to ga amsa, domin a kakar bana wasu manoma sun gayyace ni na bi su.

Abin da ake nema wata irin dinya ce fara fat, sai dai ƙarshen fukafukanta baƙi ne. Tana yin ƙwai a can ƙuryar arewacin Kanada, a tsibiran Baffin da Southampton da gaɓar tekun Hudson, idan sanyi ya kawo jiki kuma sai ta nufi kudu har Texas da Louisiana da gonakin shinkafa na Arkansas a Amurka. Lardinmu na Saskatchewan zango ne a kan hanyarta. A watannin Satumba da Oktoba garkuna sukan kwana a kan tafkuna irin su Quill da Last Mountain, da sassafe kuma su tashi zuwa gonakin alkama da sha'ir da aka girbe domin tsintar abin da inji ya zubar.

Ba a bin ta, ita ake jira ta zo, kuma a nan wahalar take. Tun da yammacin jajibiri ake zagayawa da mota a gano gonar da garke yake kiwo, a nemi izinin mai gonar. Tun kafin asuba ake isa da fitilu a fara kafa dinyoyin bogi, waɗansu na roba, mafi yawansu kuma na farin ƙyalle da aka ɗinka kamar jaka aka soka a kan tsinke, ta yadda iska za ta cika su su riƙa motsi tamkar masu kiwo. Ɗari biyu ko uku ba su cika ruɗar tsuntsun da ya saba tafiya cikin dubbai ba, saboda haka wasu sukan kafa sama da dubu, cikin sanyin da yake sandarar da yatsu. Daga nan sai maharba su sa fararen tufafi su kwanta rigingine a tsakiyar dinyoyin bogin, iska tana bugowa daga bayansu, domin dinya tana fuskantar iska ne idan za ta sauka. Akwai kuma lasifika da take fitar da kukan garke mai kiwo. Dabarar ta tuna mini da maharbanmu masu ɗaura kan burtu a goshi, sai dai su mutum ɗaya ne yake zama tsuntsu, a nan kuwa gona guda ake mayarwa garke.

Duk da wannan shiri, sau da yawa dinyar ce take yin nasara. Za ka ga garke ya yi ta kewaya a sama har wuyanka ya gaji, sannan tsofaffin cikinsu, waɗanda wasunsu sun haura shekara goma suna ganin irin wannan yaudara, su juya da sauran su wuce. Waɗanda suka fi faɗawa tarko su ne 'yan bana, masu launin toka-toka.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne gwamnati ce take ƙarfafa wannan farauta. Tun yarjejeniyar 1916 ake kare tsuntsaye masu ƙaura tsakanin Kanada da Amurka, amma yalwar hatsi a gonaki ta sa farar dinya ta hayayyafa zuwa miliyoyi, har ta riƙa tone saiwar ciyawa a wuraren da take ƙwai, kamar La Pérouse kusa da garin Churchill, ƙasar ta koma gishiri. Shi ya sa daga 1999 aka sassauta doka, aka buɗe farauta har a lokacin komawarta arewa, aka kuma halatta lasifikar. Sai dai lasisi wajibi ne, harsashin dalma kuma haramtacce ne saboda gubarsa.

Na san za ka tambayi halascin naman. Ana yin bisimilla a lokacin harbi, wadda ta faɗo da sauran rai kuma na yanka ta da hannuna. Naman baƙi-baƙi ne, ba shi da kitse sosai, ya kuma yi daɗi da na yi kilishi da shi. Abin da bai kwanta mini ba shi ne yadda wasu suke yanke ƙirji kawai su bar cinyoyi; ni na kwashe nawa duka.

Ka rubuto mini ko tsuntsayen Turai sun fara sauka a Dagona bana, da kuma yadda ruwa yake a fadama. Ka gaishe mini da Baba da Hajiya da yara.

Wassalam.

Naka amini,
Sani