Ta'aziyyar Baffanmu, Marinin Ƙofar Mata

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi ta'aziyyar wani dattijo da Allah ya yi wa rasuwa a makon jiya a nan cikin birnin Kano, bayan gajeriyar jinya. Yayan mahaifina ne, kuma maƙwabcinmu, domin katanga ɗaya ce ta raba gidansa da namu, kuma kowa a unguwa, yaro da babba, har waɗanda ba su haɗa jini da shi ba, Baffa yake ce masa. Ba zan ambaci sunansa ba, saboda mutum ne da bai taɓa son a yi shelarsa ba tun yana da rai.

Kamar yawancin tsararsa, Baffa bai riƙe shekarar haihuwarsa da lamba ba, sai dai ya auna ta da abubuwan da suka faru a gari. Yakan ce lokacin da Sarki Abdullahi Bayero ya rasu a 1953 ya riga ya fara bin mahaifinsu zuwa karofi, wato wurin ramukan rini, yana ɗebo ruwa da toka, kuma a shekarar da aka naɗa Sarki Ado Bayero, wato 1963, aka yi masa auren fari. Da wannan lissafi muka san ya haura tamanin. A marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498 a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi kusan duk rayuwarsa ta aiki, kuma bai daina zuwa ba sai da gwiwoyi suka hana shi tsugunno a bakin rami.

Duk wanda ya taɓa yin musafaha da shi ba zai manta hannuwansa ba, domin shuni ya kama su tun daga farce har wuyan hannu, babu sabulun da ke fitar da shi. Ina yaro nakan kai masa abincin rana, in same shi ya sunkuya a kan rami bayan an zuba baba da toka an bar su sun yi kwanaki suna jiƙa. Yakan juya ruwan da muciya, ya dubi kumfar da ta taso, ya shinshina, sannan ya ce wa yaransa ko dai a soma tsoma kaya ko kuma a ƙara masa kwana, kuma ban taɓa jin wani ya musa masa ba. Idan ya tsamo zane yakan ɗaga shi ya sha iska, launin ya juya a idonka daga kore-kore zuwa shuɗi, ya sake tsomawa, haka zai yi ta yi har ya kai duhun da mai kaya yake so, kafin a kai wa masu bugu. Ya san yadda ake kwashe katsi, wato guggubin rini, daga gindin rami a ƙona shi a haɗa laso, simintin gargajiya da ake shafe rami da shi, ya san bambancin aikinsu da turkuɗi, baƙin yadi mai ƙyalli na mutanen Kura, kuma babu ko ɗaya daga cikin wannan ilimi da ya koya a takarda.

Sana'ar ce ta haɗa shi da Buzaye, waɗanda suke zuwa daga arewa neman baƙin yadi na rawani. Da fari ya yi tsanani a 1973, dabbobinsu suka ƙare, da yawa daga cikinsu suka kwararo Kano da iyalansu ba su da komai, sai ga wasu tsofaffin abokan cinikinsa a ƙofar gidansa. Mahaifiyata ta sha ba mu labari cewa Baffa ya share musu zaurensa, matansu suka shiga cikin gida, aka riƙa raba tuwon dare kashi biyu har damina ta sake faɗuwa, alhali hatsi ya yi tsada, kuma a shekarar ce aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, mutane suna ta ruɗewa da lissafi a kasuwa. Shi kansa bai taɓa ba da wannan labari ba, kuma idan aka tayar da zancen a gabansa sai ya ce baƙo da arzikinsa yake zuwa, ya kawo wata hira.

Abin da ya fi sa ni rubuto wannan wasiƙa shi ne yadda ya riƙe maƙwabtaka. Bai riƙe wata sarauta ba, ba shi ne mai unguwa ba, ba shi ne liman ba, amma rigingimu da yawa a zaurensa suka mutu ba su kai ga hukuma ba. Akwai wata damina da maƙwabta biyu suka daina gaisawa saboda indararon ɗaya yana zuba a jikin katangar ƙasa ta ɗayan har ta soma zaizayewa, magana ta yi zafi, ana batun zuwa kotu. Baffa bai tara kowa ba, bai ɗora wa kowa laifi ba. Ya tafi wurin maƙeran fari da kuɗinsa ya sa aka yi dogon indararo, ya kira magini ya kafa, ya sa yaransa suka yaɓe inda katangar ta ci, sannan bayan sallar magariba ya kamo hannun kowannensu ya ce su ci abinci tare da shi a kwano ɗaya. Kunya ta kama su duka biyu, kuma har yau 'ya'yansu suna zumunci. Yakan yawaita tuna mana hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya yi zaton zai sanya shi cikin magada, kuma duk lokacin da aka ce masa an yi masa ba daidai ba, amsarsa ita ce babba juji ne.

Ko siyasa ba ta raba shi da kowa ba. Ɗan NEPU ne tun yana saurayi, ya bi Malam Aminu Kano zuwa PRP, yana cikin dubban da suka raka gawarsa a watan Afrilun 1983, amma babban amininsa a unguwa ɗan ɗaya ɓangaren ne, kuma aminin nan ne ya yi wa 'yar Baffa ta fari walicci.

Ya ga lalacewar sana'arsa da idonsa, kuma abin yana ci masa rai ƙwarai. Yadin waje mai araha ya cika kasuwar Kantin Kwari, rinin sinadari da ake gamawa cikin yini ɗaya ya kori na baba mai cin kwanaki, masaƙun Bompai da Sharaɗa suka yi ta rufewa, sannan baƙin da ke zuwa daga ƙasashen waje kallon marina suka ragu sosai bayan harin da aka kai Kano a Janairun 2012. Ramuka da yawa da ya san masu su, ya san iyayensu, sun bushe an bar su. Bai hana 'ya'yansa karatun boko ba, shi da kansa ya kai su makaranta lokacin shirin ilimin firamare kyauta na 1976, sai dai yana yawan cewa karatu ba ya hana mutum sanin sana'ar gidansu.

Ranar jana'iza, bayan an sallace shi a ƙofar gida, babban ɗansa ya yi sanarwa kamar yadda aka saba, cewa duk wanda ke bin mamaci bashi ya zo a biya shi. Har aka yi sadakar uku babu wanda ya zo karɓa, sai ma mutane da suka riƙa zuwa a ɓoye suna cewa shi yake bin su. A cikin akwatinsa aka sami wani tsohon littafi da ya rubuta da ajami, ɗauke da ajiyar mutane, yawancinsu zawarawa da tsofaffin mata na unguwa, kowace da abin da ta kawo da abin da ta karɓa, kuɗin kuma suna ɗaure daban-daban a cikin tsumma, ko naira ɗaya ba ta yi ciwon kai ba. A gaban liman aka mayar wa kowace da nata, wasu suna karɓa suna kuka.

Malam Edita, idan attajiri ko mai mulki ya rasu, shafuka kan cika da hotuna da saƙonnin ta'aziyya har na tsawon mako, kuma ban ce hakan laifi ba ne. Amma irin su Baffa, marina da dukawa da maƙera da masaƙa da ungozoma, su ne suka riƙe unguwanninmu, kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya tare da abin da ke cikin ƙirjinsu. Ina roƙon jaridarka ta ware ko da rabin shafi a mako domin masu karatu su riƙa aiko da tarihin irin waɗannan bayin Allah. Ina kuma kira ga ɗaliban tarihi na Jami'ar Bayero da ma'aikatan Gidan Makama da na Gidan Ɗan Hausa da su je wurin dattawan da suka rage a karofi su naɗi bayaninsu, domin wayar da ke aljihun kowa ta isa wannan aiki, kuma akwai biyu daga cikin abokan aikin Baffa da har yanzu hankalinsu da ƙwaƙwalwarsu garau suke.

A madadin iyalansa ina godiya ga duk waɗanda suka halarci jana'iza da zaman makoki, na kusa da na nesa. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba matarsa da 'ya'yansa da jikokinsa haƙurin rashinsa, idan tamu ta zo ya sa mu cika da imani.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga cikin birnin Kano.