Rahoton ayyukan shekara na kungiyarmu ta masu hada kida da kwamfuta

Assalamu alaikum yan uwa mambobi na Garwa da Marwa da Ngaundare a Kamaru, ga bayanin abinda kungiya tayi a bana kamar yadda muka saba.

Babban abinda muka sa a gaba shine maganar karatu. Mafi yawanmu a situdiyo muka koyi aikin nan, kana zaune bayan maigida kana kallon yadda yake juya manhajar hada kida irin FL Studio ko Cubase har hannunka ya fada, kuma wallahi ba karamin ilimi bane amma akwai inda yake tsayawa. Shi yasa muka rika zama ranakun Asabar da kannenmu yan lise (sakandare) masu shirin bak, wato jarabawar kammala sakandare, muna nuna musu kidan kwamfuta fanni ne da ake bincike akansa tun da dadewa. Tun 1957 Max Mathews ya rubuta manhajar da tasa kwamfuta ta fitar da sauti a Amurka, kuma sautin da kibod din kida Yamaha DX7 ta fito dashi a 1983 asalinsa aikin John Chowning ne a jami'ar Stanford. A Faransa akwai IRCAM, cibiyar binciken sauti da kida a Paris, suna da masta (digiri na biyu) mai suna ATIAM tare da jami'ar Sorbonne, kuma masu karfi a lissafi da fizik da kwamfuta suke dauka, toh kunga yaron da yake gudun ajin lissafi wai shi makadi ne kansa yake cuta. A nan gida mun tattaro bayanin konkur, wato jarabawar shiga, na makarantun fasahar zane da kida na Foumban da Nkongsamba, takardun suna hannun sakatare ga mai bukata.

Horon Pure Data shima ya tafi daidai, manhaja ce ta kyauta kuma ko tsohuwar kwamfuta tana daukarta, a nan ne wasu suka fara ganin yadda ake kera sauti daga tushe ba sai an dauko na wani ba.

Amma aikin da yafi burge ni shine nadar kalangu da algaita. Mun gayyato makada, muka biya su hakkinsu kuma muka yi musu bayanin abinda zamuyi da sautin kafin a kunna makirfo. Idan mai kalangu ya matse tsarkiya a hammata murya ta hau, ya sassauta ta sauka, a fuskar kwamfuta zakaga layin yana lankwasa a hankali, baya tsalle daga wannan mataki zuwa wancan irin na kibod mai sauti 12. Wani dan uwa ya gwada dora Auto-Tune, manhajar daidaita murya, akan algaita, nan take ta mike ta zama wani abu daban, baban namu mai busa ya saurara yace wannan ba tashi bace. Dalilin da yasa muke nacin karatu kenan, in bamu da wadanda suka san lissafin sauti har su rubuta manhaja da kansu, kullum kidanmu ne zai rika bin ma'aunin na'urar wasu.

Matsaloli kun sansu. Daukewar wuta ta sha katse mana zama, zafin Maris da Afrilu a Garwa kuma ya kashe mana kwamfuta, sannan kudin wata-wata da yawa basu biya ba, dan Allah a daure a biya. Yan uwanmu mata sun ragu sosai a zaman Asabar, wasu iyaye basu yarda ba, mun fara zuwa gida gida muna gaisawa muna bayani kuma zamu cigaba.

Shekara mai zuwa in sha Allah muna son sayen sola da batir, mu nadi goge da garaya, sannan mu bude asusun taimakon duk wanda zai rubuta konkur saboda kudin mota da na takardu. Mai gyara ko shawara ya kawo a babban taro, ma'aji zai karanta lissafin kudi dalla dalla a ranar.