Abba, ko kurkuku ne ina iya kai maka tuwo

Assalamu alaikum Abba. Ya Kaduna, ya sanyi. Mu nan lafiya lau sai godiyar Allah, ƙafar ce dai ta ɗan motsa shekaranjiya amma da sauƙi. Ka san ni ba gwanar rubutu a waya ba ce, yau dare na uku ke nan ina dannawa da yatsa ɗaya ina gogewa, saboda in na kira ka ko minti biyu ba ma yi sai ka ce Umma ana jirana a situdiyo. To wannan dai ba situdiyon da zai katse ta, ka karanta har ƙarshe. Kuma kar ka ga na zauna ina ta zuba da kai ka ɗauka kunyar ɗan fari ce ta fita daga idona, tana nan, abin ne ya fi ƙarfinta.

Na ga waƙar. Goggonka ce ta shigo da ita a wayarta tana dariya har ɗankwali na zamewa, wai zo ki ga ɗanki. Na ga ka cusa filo a cikin babbar riga ka karkace hula kana yanka ƙyalle a gaban famfon tuƙa-tuƙa, ga yaro ya laɓe a bayan katanga yana tsiyayo ruwa daga jarka don a ce famfon ya kawo. Ba zan yi maka ƙarya ba, na yi dariya, har na sa ta maimaita min wajen da yaron ya ce ranka ya daɗe jarkar ta ƙare a taƙaita jawabi. Kuma gaskiya ka faɗa, ni da nake sayen ruwa wajen 'yan garuwa kullum ta Allah ba sai an yi min fassara ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kai ma ka ga yadda tukunyar gidan nan ta koma, ba wai ina cikin daula ba ne zan ce maka ka yi shiru.

Amma ta biyun da ka saki, wadda ka kwaikwayi tafiyar mutumin da irin tarin da yake yi kafin ya fara magana, har ka kama sunan unguwarsu, wannan ban yi dariya ba. Ranar Talata mai shayin bakin layi ya aiko yaronsa ya ce a faɗa min wasu mutum biyu a kan mashin sun tsaya suna tambayar ina ne gidan su mai waƙar famfo. Bai nuna musu ba, Allah ya saka masa. Kawunka ya ce wai ƙila masoya ne ko masu son ka yi musu wasa a biki. Na ce masa wane irin masoyi ne zai zo da takunkumi a fuska, korona ai ta daɗe da wucewa, kuma mai neman mawaƙin biki lambar waya yake tambaya. Tun ranar ban yi barcin kirki ba.

Na san abin da za ka ce, don ka sha faɗa min a tsakar gidan nan, wai Fela ma ai bai ji tsoro ba. Kai a waya ka san Fela, ni kuwa ina 'yar makaranta aka yi abin. A watan Fabrairun 1977 sojoji kusan dubu suka yi wa gidansa ƙawanya a Legas bayan ya yi waƙar Zombie da ya yi musu ba'a, suka yi wa mutane dukan kawo wuƙa suka cinna wa gidan wuta, mahaifiyarsa kuma tsohuwa suka wurgo ta ta taga daga bene. Matar da ta jagoranci matan Abekuta kan haraji har sai da sarkinsu ya sauka daga gadon sarauta a 1949, ita aka jefo kamar tsumma. Ba ta sake lafiya ba har ta rasu a 1978. Aka kafa kwamiti, kwamiti ya ce wai sojan da ba a san ko wane ne ba shi ya aikata. Shi kansa Felan an ɗaure shi a 1984 da sunan laifin fita da kuɗin waje, sai 1986 ya fito. To in za ka riƙa ba ni labarin Fela ka riƙa haɗawa da na uwarsa, ba rabi za ka ɗauka ka bar min rabi ba.

Kar ka ɗauka kaina nake ji, ni me ya rage min. Kuma wallahi ba kamu nake tsoro ba. Kamu mun saba gani a Kanon nan. Aminu Ala da kake ji da shi an kama shi a 2009 an kai shi gaban kotu kan ya saki waƙa ba tare da hukumar tace fina-finai ta duba ba, kowa ya san ba dubawar ce damuwarsu ba, ya yi 'yan kwanakinsa ya fito, ga shi nan yana waƙarsa har yau. Yaran nan biyu da suka yi wa gwamna barkwanci a TikTok a 2022, bulala 20 kowannensu aka yanke musu da sharar harabar kotu kwana 30, sun sha sun tashi sun koma gidajen iyayensu. Ko ƙananan yaran da aka kwasa lokacin zanga-zangar yunwa ta watan Agustan 2024, waɗanda muka gani a talabijin suna zubewa a kotun Abuja duk ƙasusuwa a waje, na yi kuka ranar kamar ni na haife su, amma dai an san inda suke, an ga fuskarsu, duniya ta yi ca aka sako su. In kurkuku ne Abba, na san hanyar Kurmawa na san ta Goron Dutse, zan tuƙa tuwo in sa a kula in hau adaidaita in je in tsaya a layi da sauran iyaye, ko mai gadi zai caccaka tuwon da cokali kafin ya miƙa maka ba komai, na dai san kana numfashi.

Abin da ya hana ni barci Dadiyata ne. A garin da kake zaune yanzu, a Barnawa, farkon watan Agustan 2019, malamin jami'a, yana shigar da motarsa gida da daddare wasu suka bi shi ciki suka tafi da shi da motar gaba ɗaya. Shi ko waƙa ba ya yi, rubutu kawai yake a intanet yana caccakar masu mulki. Shekara nawa ke nan yau? Ba a kira an nemi kuɗin fansa ba, ba hukumar da ta ce yana hannunta, ba gawa ba kabari. Mahaifiyarsa har ta koma ga Allah tana jiran ya turo ƙofa. Ka tsaya ka yi tunanin wannan matar, don ni kullum sai na yi. Wanda ya mutu an yi masa wanka an sallace shi an kai shi, a yi zaman makoki kwana uku a watse, uwa ta yi haƙuri ta riƙa yi masa addu'a ta san wace addu'a za ta yi. Wannan fa? Allah ya jiƙansa za ta ce ko Allah ya dawo da shi? Baƙuwar lamba ta kira gabanta ya faɗi, a ƙwanƙwasa ƙofa da dare ta miƙe, ta ga mahaukaci a bakin titi da gashi cukurkuɗe sai ta ce wa mai adaidaita ya rage gudu ta leƙa fuskarsa. Matarsa ba ta san ko takaba za ta shiga ba, yara suna tambaya ba amsa. Na binne babanku na jure, na binne wadda ke bin ka na jure, saboda na ga inda aka sa su. Wannan kam ban san ko zan iya ba, kuma ba na so Allah ya gwada ni da shi.

Jiya da na tashi sallar dare na tsinci kaina tsaye a ƙofar ɗakinka ina kallon katifar da ka naɗe ka jingine da bango, da tsohon takalmin ƙwallonka a ƙarƙashin tebur, sai na ji zuciyata tana lissafin wai in an zo tambaya wane hoto zan bayar, na bautar ƙasa ko na ranar bikin ƙanwarka. A'uzubillahi. Ka ga inda ka kai ni.

Kuma abin da ke ƙona min rai, kai ko a jikinka. Auta ta nuna min mutanen da ke zuga ka, wai dubu ɗari da wani abu, kowa na liƙa maka hoton wuta yana cewa sai kai muryar talaka, kar ka saurara musu. Wa ka sani a cikinsu? Wanne ne ya san ba ka cin kuɓewa? Ranar da aka neme ka aka rasa za su sa hotonka kwana bakwai, wasu su yi sati biyu, daga nan wani ya saki sabon barkwanci su koma can, ni za a bari da ƙofa. Don su kake ƙin ɗaukar wayata. Don su ba ka zo sunan ɗan ƙanwarka ba, ka turo kuɗin rago kamar mu rago muka rasa. Kana yi wa ƙasa gaba ɗaya wa'azin tausayin talaka, talakar da ta haife ka kuma sai ta yi kira biyar kafin ka ɗaga. Wannan ba tarbiyyar da na ba ka ba ce, kuma da babanku na raye ka san ba a waya za a yi maganar nan ba.

Na san har yanzu kana riƙe da maganar littafin waƙoƙinka da na sa a murhu kana aji uku. Ba ka taɓa faɗa ba amma ina gani a idonka. Lokacin wata nawa da abin da ya sami Baffa, kai yaro ne ba ka ga yadda aka dawo da shi ba, ni na gani, ni na dafa ruwan da aka gasa masa jiki. Sai kawai in ɗaga filonka in tarar ka rubuta wa shugaban makarantarku zambo shafi huɗu. Me kake so in yi? Ban ce na kyauta ba, amma ko yau aka mayar da ni ranar ban san ko zan yi wani abu daban ba. Kuma ka ga bai hana komai ba, abin a jininka yake, kakarka ma in tana daka sai ta yi wa kishiyarta waƙa gidan duk a kwashe da dariya ita kishiyar ta rasa ta cewa tunda ba a kama suna ba.

To irin nata nake so ka yi. Ban ce ka bar waƙa ba, na daina wannan mafarkin. Ɗan Maraya Jos shekara nawa ya yi da ɗan kuntiginsa yana waƙar karen mota da auren dole da halin mutane, ya taɓa masu kuɗi ya taɓa iyaye ya taɓa ma'aikata, har ya rasu a 2015 da mutuncinsa, yau ma in aka sa shi a rediyo sai ka ga wani ya sunkuyar da kai don ya san da shi ake. Habaici ai ba tsoro ba ne, gwaninta ce, mai kaza a aljihu shi ba ya jimirin as. Waƙar famfonka ta fi ta biyun daɗi nesa ba kusa ba, saboda kowace ƙaramar hukuma da nata mai filo a ciki, kowa ya ji sai ya ce nasu ne. Da ka kama unguwa ka kama tari sai ka mayar da ita faɗan mutum biyu, kai da wanda ke da 'yan daba da kuɗin mashin, kai kuma kana da waya da caja.

Ka sauke ta biyun, ko ka yanke wajen. In girman kai ba zai bar ka ba ka ce uwarka ce ta sa ka, a zage ni, na yafe. Ka daina kwana kai kaɗai a ɗakin nan na bayan situdiyo, ka koma wajen ɗan Goggonka ko da a tabarma ne, kuma ka daina sanar wa duniya inda za ka yi wasa tun ana saura kwana uku. Duk wanda ya kira ka ya ce Alhaji na son ganinka a otal da dare kar ka je, ko mota ya ce zai ba ka, musamman ma in mota ya ce. Ka nemi lauya guda ka ba Auta lambarsa, ka ba ni ta abokin nan naka mai gilashi da kuka zo da shi da azumi, ya yi min kama da mai hankali. Sannan kullum bayan isha'i ka turo min murya, ba rubutu ba, rubutu kowa na iya yi da wayarka. Ko Umma na shiga ɗaki kawai ka ce ya ishe ni.

Allah ya sani ina alfahari da kai, ko da ban iya faɗa a gabanka ba. Ranar da matan islamiyya suka kewaye ni suna cewa ashe ɗanki ne mai famfo, na ce musu yaron banza ne ba ya jin magana, amma da na dawo gida sai da na sa Auta ta sake kunna min. Allah ya tsare min kai gaba da baya, ya rufe idon mugu daga kanka, ya yi maka albarka.

Na ba direban da ya saba kai saƙo dambun nama da yaji da man shanu kaɗan, zai iso tashar Kawo gobe wajen la'asar, ka je da kanka kar ka aiki yaro, robar man ba ta rufuwa sosai ka riƙe ta a tsaye. In ka karɓa ka kira ni, kira nake so ba filashin ba.

Ummanka.