Kafin A Tada Jirgin Rimot A Sararin Zariya

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana da matasan da ke ƙera ƙananan jiragen sama masu tashi da rimot, da kuma iyayen da ke saya musu kayan haɗi. Abin sha'awa ne ka ga yaro ya tsinto farin soson da ake naɗe firij da shi, ya yanka, ya manna, ya sa masa inji, ya tashi. Sai dai sararin Zariya ba kamar na sauran garuruwa ba ne.

Tun 1964 Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama take a garin nan. Duk mazaunin Palladan ko Hanwa ko Kwangila ya saba da ƙarar jiragen koyo suna kewaya, suna sauka, suna sake tashi. Waɗanda ke ciki ɗalibai ne, hankalinsu na kan titin sauka, kuma a lokacin da suke gangarowa ƙasa-ƙasa ba za su hango jirgin soso mai faɗin mita ɗaya ba sai sun zo kansa. Batir da injin da ke cikinsa ƙarfe ne, sun isa su fasa gilashi ko su lalata farfela. A ganinmu duk inda bai kai kilomita 5 daga filin jirgin ba, a haƙura da shi, haka ma kusa da barikin Basawa da na Chindit. Ko a nesa, kada a wuce tsayin mita 120, kuma kada jirgi ya ɓace wa idon mai shi. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta hana tada jirage marasa matuƙi ba tare da izininta da na ofishin mai ba da shawara kan tsaron ƙasa ba, don haka mai son ya yi nisa a harkar nan ya fara neman bayani daga wurinsu.

Amma yawancin raunin da ake ji, a ƙasa ake jin sa, tun jirgi bai tashi ba. Injin da aka fi samu, irin mai lambar 1000KV, in aka haɗa shi da batir mai gida uku (wato ƙananan batura uku a haɗe), yana juya farfela dubban sau a minti ɗaya, kuma robar nan tana yanka yatsa har ƙashi. Saboda haka duk gyaran da za a yi a ɗaki, a kwance farfela tukuna. A fili kuwa akwai tsari: a mayar da totur ƙasa gaba ɗaya, a kunna rimot, sannan a jona batir. In an gama, a fara cire batir, sannan a kashe rimot. Dalili shi ne risiba (na'urar da ke karɓar saƙon rimot a cikin jirgi) da ke da wuta amma ba ta jin rimot tana iya tada inji ba zato, galibi kuma a lokacin hannun mutum yana kusa. A kuma saita rimot ta yadda in saƙo ya yanke inji zai mutu da kansa. Gwajinsa ba wuya: babu farfela, a ba da totur kaɗan, a kashe rimot. In inji ya ci gaba da juyawa, jirgin nan bai isa fita ba.

Batirin LiPo, irin wanda ake sa wa jiragen nan, shi ne ke ƙona ɗaki. Kowane gida a cikinsa yana cika a volt 4.2, ke nan mai gida uku 12.6 ne in ya cika. A sauko da jirgi kafin gida ya yi ƙasa da 3.5, domin zuƙe shi ƙarƙaf ne ke sa ya kumbura. Mai 2200mAh ba a ba shi fiye da amp 2.2 wajen caji, kuma da cajar da ke daidaita gidajen ɗaya bayan ɗaya, ba wadda mai gyaran rediyo ya harhaɗa ba. A yi cajin a kan siminti, nesa da katifa da labule, da bokitin yashi a gefe, da mutum a zaune. Ɗabi'ar nan ta jona abu da dare a kwanta don kada a rasa wuta in an kawo, ba da wannan batir ba. In za a ajiye shi fiye da 'yan kwanaki, a bar kowane gida a wajen 3.8. Kada a bar shi cikin mota ko but ɗin babur a zafin Maris da Afrilu. Wanda ya kumbura kamar burodi, ko ya lotse bayan faɗuwa, aikinsa ya ƙare, komai tsadarsa.

Sai daidaiton nauyi, inda sababbin hannu suka fi asara. A auna faɗin fiffike daga gaba zuwa baya, a raba uku, a ɗora jirgin kan yatsu biyu kaɗan kafin ƙarshen kashi na farko, da batir a ciki. Hanci ya ɗan sunkuya. In jela ce ta rinjaya, da ya tashi zai miƙe tsaye, gudu ya ƙare masa, ya kife. Matsar da batir gaba shi ne magani. Daga nan a tsaya bayan jirgin a tura sandar rimot dama: marfin fiffiken dama ya ɗaga, na hagu ya sauka. A ja sanda baya: marfin jela ya ɗaga. A yi wannan kafin kowane tashi, domin waya ɗaya da aka jona a baibai tana kayar da aikin wata guda cikin daƙiƙa uku.

Ana tashi ana fuskantar iska, haka ake sauka. Da hunturu, ƙura kan ɓoye jirgi fari tun bai yi nisa ba, don haka a shafa wa ƙasan fiffike ja ko baƙi, a kuma busa injin bayan an sauka, saboda maganaɗisun da ke ciki yana tara ƙasa mai ƙarfe-ƙarfe. Da damina, in hadari ya haɗo daga gabas, a sauko nan take, iskar da ke gabansa ta fi ƙarfin jirgin soso. Da sassafe ya fi.

Fili kuma ya zama babu wayar lantarki, babu titi, babu garken shanu. Yara za su taru, wannan dole ne, to a samu babba ɗaya da aikinsa kawai ya tsayar da su a bayan mai rimot, ya kuma riƙa sauraren sama. Da ya ji ƙarar jirgin kwaleji, ya ce a sauko.

Wassalam.

Wasu masu ƙera ƙananan jirage,
Samaru, Zariya.