Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Lafiya Kan Man Kariya Daga Rana

Mai girma Minista, Dokta Manaouda Malachie,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni uwa ce a Garwa, arewacin Kamaru, 'yata ta biyu zabiya ce, shekararta tara. Man shafawa na kare fata daga rana, wanda wasu ke ɗauka kayan kwalliya, a gidanmu magani ne. Ranka ya daɗe, kai ɗan arewa ne, ba sai an faɗa maka yadda ranar Maris da Afrilu take ba, lokacin da zafi ke haura digiri 40.

Bara na sayi roba ɗaya a wani shago, jaka takwas. An rubuta SPF 50, wato ma'aunin ƙarfin kariyarsa, ɓaro-ɓaro, amma na juya ta gaba da baya ban ga ranar da zai daina aiki ba. Mai shago ya rantse sabo ne. Da na matsa a gida, ruwa ne ya fara fitowa kafin man. Haka na shafa mata, kuɗi sun riga sun tafi. Kwana biyu da zuwa makaranta wuyanta ya yi jawur, ya ɗuri ruwa. Irin wannan ƙuna, in ta yi ta maimaituwa, ita ke kai zabiya ga kansar fata.

Daga baya na fahimci inda gizo ke saƙa. A Amurka, hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta yarda kamfani ya bar rubuta ranar lalacewa idan gwaji ya nuna man zai kai shekara 3. A Turai kuwa, kayan shafa da ke wuce wata 30 ba su lalace ba, hoton buɗaɗɗiyar kwalba kawai ake sa musu, misali da 12M, wato wata 12 bayan an buɗe. To daga yaushe zan fara ƙirga shekara 3? Kuma ba a yi wannan lissafi da robar da ta sauka a Duwala, ta hau mota zuwa arewa, ta yi wata da watanni ƙarƙashin rufin kwano ba. Zafi yana kashe ƙarfin man.

Roƙona shi ne a yi doka: duk man kariya daga rana da zai shigo Kamaru ya zo da ranar da aka yi shi da ranar lalacewarsa, a jikin robar, domin kwali yagewa yake yi. Ma'aikatarka ta haɗa kai da hukumar kula da ingancin kaya, ANOR, da kwastan, wanda ba shi da rana a mayar da shi.

Kowace 13 ga Yuni, ranar zabiya ta duniya, ana tara mu a raba mana man kyauta, mun gode. Har shi ma a duba mana ranarsa kafin a miƙo.

Wata uwa daga Garwa