Wasiƙa ga baƙin masaukinmu na Kwatano game da kifin dare da gyaran ɗakunan bene

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhazai da Hajiyoyi, iyayenmu da 'yan uwanmu da kuke sauka a wurinmu duk lokacin da harka ta kawo ku Kwatano, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyali, mun rubuto ne domin mu sanar da ku canje-canjen da za ku tarar daga farkon watan Maris, mu kuma faɗa muku dalilinsu tun kafin ku kama hanya.

Babban canjin yana ɗakin girki. Daga wannan lokaci, kifin da za a ci da dare a gidan nan shi ne wanda masunta suka fito da shi daga teku a safiyar ranar, kuma idan ba su fito da komai ba, za mu gaya muku haka kai tsaye, mu ba ku wani abincin. Mai dafa abincinmu tana fita bayan sallar asuba zuwa matsayar masunta da ke gefen babbar tashar jiragen ruwa, inda dogayen kwale-kwale masu fenti suke sauke kamun dare, mata masu baho suna jiransu. Ba ta sayen kifi sai ta ɗaga kumatunsa ta ga cikin ja ne jawur, ta duba idonsa ta ga bai yi hazo ba, sannan ta danna tsokarsa da yatsa ta ga ta taso ba ta bar rami ba. Wanda bai cika waɗannan ba, ko da an karya mata farashinsa, a can take barinsa.

Mun san wasu za su tambayi abin da ya kawo wannan wahala, alhali shagunan kifin ƙanƙara suna nan a kowace unguwa. Gaskiya ne, kifi mai yawa da ake ci a birnin nan a kwali yake zuwa cikin manyan jiragen ruwa daga wurare irin su Mauritaniya, kuma ba mu kushe shi ba, domin shi ke riƙe da tukunyar gidaje da dama. Amma irinsa ne kuke samu a Kano da Maraɗi da Sakkwato da Damagaram. Mutumin da ya yi tafiyar kwana da yini, ya sha jiran kan iyaka, ya zo ya kwana yana jin ƙarar igiyar ruwa ta tagarsa, a ganinmu bai kamata a ajiye masa kifin da ya yi watanni a daskare ba. Sabon kifin teku da aka tsaga bayansa, aka shafa masa citta da tafarnuwa da attarugu da lemon tsami, aka gasa a kan gawayi har fatarsa ta yi ƙaras-ƙaras, ba ya bukatar ado mai yawa, kuma wanda ya ci shi sau ɗaya zai gane abin da muke nufi.

Wannan tsari yana da bukata a wajenku, kuma muna roƙon ku yi haƙuri da ita. Duk mai son kifi da dare ya sanar da mai karɓar baƙi tun daren da ya gabaci ranar, ko a ƙalla kafin a fita da asuba, domin a saya da lissafinsa. Farashi kuma ba zai tsaya wuri ɗaya ba, tun da kasuwar bakin ruwa ba ta tsayawa. Kowace safiya za a rubuta irin kifin da aka samu da kuɗinsa da sefa a allon da ke ƙofar ɗakin cin abinci, za a kuma auna shi a gabanku kafin ya hau wuta. Daga Yuni zuwa Agusta teku yana tashi sosai a wannan gaɓa, akwai ranakun da masunta ke ɗaure kwale-kwalensu su zauna gyaran koma. A irin waɗannan ranaku za mu nemo karfasa daga tafkin Nokoué, wanda garin Ganvié yake zaune a kan ruwansa, ko mu dafa naman rago daga hannun mahautan unguwar Zango da muka daɗe muna hulɗa da su kuma muka san yankansu, ko mu soya wagashi, cukun Fulanin arewacin Benin, a miyar tumatir.

Jatan lande da ƙaguwa ma muna saye, domin baƙinmu na gari suna son su. Da yake da yawa daga cikinku ba su saba da su ba, ransu kuma bai kwanta da su ba, mun ware musu tukunya da cokali da mai, ba sa haɗuwa da sauran girki. Giya dai, kamar yadda kuka sani, ba ta shiga gidan nan.

Karin kumallo yana nan yadda kuka bar shi, koko da ƙosai, ko shayi da burodi da ƙwai. Tuwon masara da miyar kuka ba za su yanke ba, domin dattijon da ya yi mako yana zirga-zirga tsakanin kasuwar Dantokpa da filayen motoci na hanyar Seme ba abin da ke kwantar masa da ciki kamar abincin gida. Wanda yake son ya ɗanɗana na mutanen gari, ya nemi amiwo, tuwon masarar da ake tuƙawa da tumatir da romon kaza har ya yi ja, ya bi shi da abarbar garin Allada, wadda bayanta kan zauna kore ko bayan ta nuna, cikinta fari mai zaƙi.

Magana ta biyu ta ɗakunan bene ce, masu kallon ruwa, waɗanda kuka fi nema. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, kuma gishirin nan yana cin ƙarfe ba dare ba rana. Yana sa maƙalar ƙofa ta yi tsatsa, ya huda bututun na'urar sanyaya ɗaki, ya tayar da fenti, laima kuma ta shiga katifa. Saboda haka za mu rufe benen a Maris da Afrilu, mu sauya tagogi da na'urori da katifu, mu gama kafin ruwan Yuni, wanda shi ne mafi ƙarfi a Kwatano. A wannan tsakani ɗakunan ƙasa kaɗai za su yi aiki, don haka dillalan motoci da masu zuwa ƙungiya su kama ɗaki da wuri. Ma'aikata za su fara aiki da hantsi su tashi kafin magariba, ba za a buga guduma lokacin barcinku ba.

Akwai abin da muke faɗa wa kowane baƙo da baki, muna so kuma ya kasance a rubuce. Bakin ruwan unguwarmu ta Fidjrossè wuri ne mai daɗin zama da yamma, ana shan iska a ƙarƙashin itatuwan kwakwa, amma ruwan da kansa ba abin wasa ba ne. Gaɓar tana zurfafa nan da nan, kuma akwai jan ruwa a ƙasa wanda ke kwashe ƙafar mutum ya yi ciki da shi, ko da ya iya iyo a kogi ko a dam. Muna roƙon iyaye mata musamman su riƙe hannun yara, kada a bar su su bi kumfar igiya idan tana komawa. Mai son kai iyali yawon buɗe ido, zuwa Ganvié a kwale-kwale ko zuwa Ouidah mai nisan kimanin kilomita 40 ta yamma, ya yi mana magana mu haɗa shi da direban da muka sani.

Wanda zai iso da dare, ta kan iyakar Seme ko ta filin jirgin sama na Cadjèhoun da ke kusa da mu, ya kira lambar da ke hannunsa tun yana hanya, domin a ajiye masa tuwo da ɗumi, mai gadi kuma ya san da zuwansa. Wanda ya riga ya biya kuɗin ɗakin bene na Maris ko Afrilu, za mu kira shi ya zaɓa, ko a mayar da shi ɗakin ƙasa a ba shi cikon kuɗinsa, ko a ɗaga masa zuwa bayan an gama aiki.

Allah ya kawo ku lafiya, ya sa albarka a kasuwancinku.

Wassalam,
Masu gudanar da masauki da dukkan ma'aikata,
Unguwar Fidjrossè, Kwatano, Jamhuriyar Benin.