Wasiƙa zuwa ga ɗana: kada ka raina Lamarck

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, na karanta rubutun da ka turo kafin ka miƙa wa malaminka. Ya yi kyau, sai dai wuri ɗaya ba zan bari ya wuce ba. Ka ce Lamarck, masanin halittu ɗan Faransa, ya yi shirme a 1809 da ya ce abin da dabba ta saba yi yana bin 'ya'yanta, sai Darwin, masanin halittu ɗan Ingila, ya zo da littafinsa a 1859 ya rufe maganar. Ba haka aka yi ba.

Shi kansa Darwin ya yarda sabo yana iya zama gado. A 1868 har hanyar ya zayyana: wai kowane sashe na jiki yana sakin wasu ƙananan ƙwayoyi, su taru a gaɓoɓin haihuwa, su kai wa ɗa abin da jikin iyaye ya saba. Ɗan'uwansa Francis Galton ya ɗura wa zomaye jinin waɗansu masu wani launi dabam, ya zuba ido ko 'ya'yan za su sauya. Ba su sauya ba. Darwin ya ce ai shi bai taɓa cewa a jini ƙwayoyin suke ba. Manya ma ba sa son a taɓa musu ra'ayi.

Kuma abin da ya hana masanan nan barci ba ƙarami ba ne. Ɗan tsako ya fito daga ƙwai, ba wanda ya koya masa, ya hau tsince tsaba. Daga ina ya samo? A 1870, a Biyana ta ƙasar Ostiriya, masanin aikin jiki Ewald Hering ya ce gado tunawa ce: jiki yana tuna abin da kakanni suka yi ta maimaitawa. Marubuci Samuel Butler a Ingila ya rungumi irin wannan ra'ayi, daga baya har suka ɓata da Darwin.

Don ya gwada ko abin da ya sami jikin iyaye yana bin 'ya'ya, masanin halittu August Weismann a Jamus ya yi ta yanke wutsiyar ɓeraye zuriya biyar, aka haifi 'ya'ya 901, kowanne da cikakkiyar wutsiyarsa. Da wanzami ya tambaya, da ya huta, don shekara aru-aru ana kaciya da tsaga, ba a taɓa haifar jariri da su ba. Amma magoya bayan Lamarck suka ce yanka ba sabo ba ne, kuma a nan suna da gaskiya. A 1893 ma Herbert Spencer, masanin falsafa ɗan Ingila mai goyon bayan ra'ayin Lamarck, yana nan yana musu da Weismann. Duk wannan hayaniya ana yi, binciken Mendel na 1866, wanda ya nuna yadda gado yake tafiya a tsirrai, yana ajiye, ba a waiwaye shi sosai ba sai 1900.

Saboda haka ka sake rubuta sakin layin nan. Ka kawo hujjar kowa yadda shi da kansa zai yarda ka yi masa adalci, sannan ka nuna inda ta gaza. Ka je laburare ka karanta babin da Darwin ya yi kan ilhamin dabbobi a littafinsa na 1859 da idonka, kada ka tsaya ga taƙaitawar intanet.

Mahaifiyarka tana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka